Ashirin da Biyar na Me?

A garinmu, kan hanyar da ta tashi daga Ringim ta nufi Gujungu, akwai wani benci a gindin darbejiya kusa da teburin mai shayi, inda mu huɗu muke haɗuwa bayan sallar isha'i. Akwai ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti kusa da mu, wanda duk gari ke kira Likita, ya yi ta cewa shi ba likita ba ne har ya gaji ya ƙyale. Akwai Malam, mai koyar da Hausa a sakandare, wanda ke rubuta gajerun labarai yana turawa a WhatsApp. Akwai Alhaji mai awon hatsi, da ba ya fashin kasuwar Gujungu ran Lahadi da ta Maigatari ran Alhamis. Sai ni, mai yawan katsalandan.

Baffana ne ya jawo mana musun da ya ci kusan mako biyu. Yana da ciwon suga. Ya je asibiti da sassafe bai karya ba, aka ɗebi jininsa, aka ba shi takarda an rubuta 7.2. Ɗansa da ke aiki a Kano ya sayo masa 'yar na'urar gwajin suga a kemis, washegari da safe aka soki yatsa, na'ura ta nuna 130. Daga bakwai zuwa ɗari da talatin a kwana ɗaya! Tsoho ya ƙi cin tuwo, ya fara lissafin wa yake binsa bashi, wa yake bi. Da muka je gaishe shi, Likita ya karɓi takardar, ya juya na'urar ya duba ƙananan haruffan da ke gefen lambar, ya ciro waya ya buga 7.2 sau 18. Ta ba shi 129.6.

"Baffa, Allah ya ƙara lafiya, ai magana ɗaya suka faɗa," in ji shi. "Yare ne kawai ya bambanta."

Yaren nan shi ne abin da Baffa bai duba ba, kuma yawancinmu ba ma dubawa: a takarda an sa mmol/L, a na'ura an sa mg/dL. Na'urar da nauyi take magana. Tana faɗin miligiram nawa na suga ke cikin desilita ɗaya na jini, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Takardar asibiti kuwa ƙirga take yi, ƙwayoyin suga nawa ne a cikin lita guda. Alhaji ne ya riga mu ganewa, don a kasuwa ya girma. Ya ce ai goro ke nan: in ka ce ƙwarya, kowa ya san goro ɗari kake nufi, ba ruwanka da nauyinsa. Haka abin yake. Mol suna ne na ƙirge kamar ƙwarya ko dozin, sai dai adadinsa ya wuce hankali, kusan 6 da sifili 23 a bayanta. Mol ɗaya na sugan jini nauyinsa giram 180 ne, milimol ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na mol, ke nan miligiram 180. Tunda desilita goma ke yin lita, sai a raba 180 gida goma, a sami 18. Inda lambar da Likita ya buga ta fito ke nan, ba hadda ba ce kawai.

Kwatancen Alhaji ya ma fi yadda ya zata kyau. Ƙwaryar manyan goro ta fi ƙwaryar ƙanana nauyi, duk da ɗari-ɗari ne. Saboda haka 18 ɗin nan ta suga ce ita kaɗai. Wanda ya ɗauke ta ya kai wa gwajin kitsen jini da ake kira kolestarol ya yi ɓatan kai, don shi da kusan 38.7 ake juya shi. Gwajin ƙoda na kiriyatinin kuma miligiram ɗaya a desilita daidai yake da maikuromol 88.4 a lita. Amurka na amfani da mg/dL, Ingila na amfani da mmol/L, mu kuma a nan kaya daga ko'ina suke shigo mana, don haka ɗaki ɗaya sai ka tarar da yare biyu a kan tabarma ɗaya.

Abin da ya fi ba ni mamaki a daren shi ne wani lissafi da Likita ya yi a bayan takardar burodi. Babban mutum yana da jini wajen lita biyar. In sugansa 90 ne a na'ura irin ta Baffa, duk sugan da ke yawo a jikinsa giram huɗu da rabi ne, kusan cikin ƙaramin cokalin shayi. Muka juya gaba ɗaya muka kalli mai shayi, wanda a lokacin yake zuba babban cokali na uku a kofin Alhaji.

A nan Malam ya shigo. Ya ce shi labari ya samu. Ba labarin Baffa ba, wanda ya ƙare da dariya, wani ne mai nauyi: tsakar dare, ƙauye mai nisa da titi, uwa ta fita hayyacinta, 'yarta ta gwada ta da na'ura ta kira wani ɗan'uwa ma'aikacin lafiya a birni, ta ce masa, "Ya nuna ashirin da biyar." Sai caji ya ƙare. Ya tambayi Likita ko labarin zai tsaya da ƙafarsa.

Likita ya ajiye kofi. Ya ce in da gangan Malam ya zaɓi lambar, to ya iya mugunta. Yawancin waɗannan na'urori suna karantawa daga wajen 20 zuwa 600 a ma'aunin miligiram, wato daga 1.1 zuwa 33.3 a ma'aunin milimol. Tsakanin 20 da 33 ne kawai yarukan biyu suke cin karo, lamba ɗaya ta iya zama ta kowanne. Ashirin da biyar a milimol daidai yake da 450, suga ya hau ƙwarai. Ashirin da biyar a miligiram kuwa bai kai milimol ɗaya da rabi ba, suga ya faɗi warwas, ƙwaƙwalwa na cikin haɗari. Dukansu suna iya sa mutum ya ruɗe ko ya suma, maganin ɗaya kuma kishiyar na ɗayan ne. A fuskar na'ura akwai alama: mai milimol takan nuna ɗigo, 25.0. Amma mai magana a waya cikin kuka ba ta faɗin ɗigo, ba ta faɗin ƙananan haruffa. Baki yana zubar da su a hanya.

Daga nan musu ya rabu biyu. Alhaji ya ce lamba ba ta da wurin zama a labari. Shi ya tashi da tatsuniya a ɗakin kakarsa, bai taɓa jin an faɗi nisan dajin da Gizo ya ratsa ba. "Ana nan, ana nan" ya ishi shekara bakwai, "kwanci tashi" ya ishi yaro ya zama saurayi. In ka ce mace ta yi fari fat kamar ba jini a jikinta, kowa ya ga matar. In ka ce jininta 7 ne, sai mai karatu ya tsaya yana sosa ƙeya. Likita ya ce a'a, marubutanmu sun cika sakaci da asibiti: a labari ɗaya sai ka ga an yi wa mutum gwaji, an gano cutar, an yi masa aiki, an sallame shi, duk kafin la'asar. A ganinsa wanda zai rubuta ɗakin gwaji to ya san abin da ke cikinsa.

Ni a ganina duk su biyun sun taɓa gaskiya amma sun wuce ta gefen abin da ke sa labarin Malam aiki. Lambar ashirin da biyar ba bayani take bayarwa ba, rashin bayani take nunawa. Mai karatu ba ya bukatar sanin giram 180. Abin da yake bukata shi ne ya ga mutumin da ke birni riƙe da waya, ya san amsa biyu, bai san wacce ce tasa ba. In Malam ya cika shafi da darasin kimiyya, Alhaji ya yi gaskiya, labari ya mutu. In kuma ya zaɓi lambar da ba ta da fuska biyu, ya ce ɗari uku misali, to duk wanda ya san aikin zai gane ba wata damuwa ta zaɓi, Likita ya yi gaskiya. Lamba tana shiga gajeren labari ne in ran wani na rataye da yadda aka karanta ta. Ban da haka, fari fat ɗin Alhaji ya fi.

Kuma bakwai ɗin da Alhaji ya jefo da wasa, ita ma tarko ce. In aka ce wa miji jinin matarsa mai ciki 7 ne, wani kuma aka ce masa 21, mai yiwuwa halin da matan ke ciki ɗaya ne. Bakwai ɗin giram ne na himogulobin a desilita, sinadarin da ke ɗaukar iska a jini. Ashirin da ɗaya kuwa PCV ne, wato kason jajayen ƙwayoyin jini cikin ɗari, kuma bisa ƙiyasi yakan ninka wancan sau uku. Na taɓa tsayawa a bayan Likita ina kallon yadda ake yin sa. Siririn bututun gilashi ne, kaurinsa bai wuce na tsinken tsintsiya ba. A taɓa shi da ɗigon jini, jinin ya hau da kansa, a dangwala gindinsa a wani abu kamar yumɓu ya toshe, a jera shi a injin da ke juyawa da gudu na minti biyar. In aka ciro, jinin ya rabu: ja ya kwanta a ƙasa, ruwa mai kalar fitsari a sama, wani ɗan farin zare a tsakani. Sai a ɗora a kan allon awo a ga jan ya kai kashi nawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki da himogulobin ɗinta ya gaza 11 tana da ƙarancin jini, in ya gaza 7 ya yi tsanani. Wanda ya ji 21 ya gwada da 11 zai koma gida yana murna, alhali ana neman wanda zai ba da leda guda.

Na maleriya ya fi kowanne yaɗuwa a bakin mutane. "Filas biyu aka samu." Kowa yana ɗauka filas biyu ninkin filas ɗaya ne, kamar kwano biyu da kwano ɗaya. Ba haka ba ne. Filas ɗaya na nufin an ga ƙwayar cuta 1 zuwa 10 a fili ɗari na madubin likita (fili shi ne abin da ido ke gani a leƙe ɗaya), filas biyu 11 zuwa 100, filas uku kuwa 1 zuwa 10 a kowane fili guda. Kowane mataki tsalle ne na ninki goma. Shi ya sa masana suka fi son a ƙirga ƙwayoyin a maikurolita ɗaya na jini, wato kashi ɗaya cikin miliyan na lita, duk da ya fi cin lokaci, kuma layin marasa lafiya a damina ba ya jira.

Alhaji bai yarda an bar shi a baya ba. Ya ce duk wannan wahala ce da masu boko suka ɗora wa kansu, su a kasuwa tiya ce, kowa ya san ta. Sai Malam ya tambaye shi: tiyar wa? Wadda yake saye da ita a ƙauye, ko wadda yake sayarwa da ita? Aka yi dariya har mai shayi, Alhaji ya rantse tasa ɗaya ce. Na yarda da shi, na san shi. Amma kowa ya san akwai kwanon da aka bubbuga wa gindi, akwai awon da ake cikawa har ya yi tozo ana tare shi da hannu, akwai wanda ake shafe wa baki, ga kuma gyara, wadda yawanta ya danganta da wane ne kai a wurin mai awo. Ana cewa buhu kwano arba'in ne, amma sai an juye ake sanin gaskiya. Ba yau aka fara ba, sura guda ce a Alƙur'ani ta sauka da sunan masu tauye mudu. Malamai kuma sun daɗe da sanin cewa ma'auni na bukatar asalin da za a koma gare shi: sa'in zakkar fid da kai mudun Annabi huɗu ne, mudu kuma cikin tafin hannu biyu na matsakaicin mutum.

Turawa ma irin wannan damuwar ce ta tara ƙasashe a birnin Faris a 1875 suka sa hannu kan yarjejeniyar mita. Daga 1889 har zuwa 2019, kilo ɗin duniya baki ɗaya wani dunƙulen ƙarfe ne da aka kulle a wajen birnin, duk sikelin duniya da shi yake da nasaba, kafin a sauya ma'anarsa zuwa lissafin da ba ya tsatsa ba ya ƙura. Mol sai a 1971 aka shigar da shi cikin tsarin. Najeriya ta rungumi mita da lita da kilo a shekarun 1970, zamanin da aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo a 1973. Shekara hamsin ke nan, amma har gobe turmin atamfa yadi shida ne, 'yan bumburutu da galan suke sayar da mai, gero kuma da kwano. Ban ga laifin hakan ba. Awon kasuwa yana tafiya da sanayya: ka san mai awo, ka san hannunsa, in ya cuce ka gobe ka sauya rumfa. Awon ɗakin gwaji an yi shi ne don waɗanda ba za su taɓa haɗuwa ba. Takardar da aka rubuta a garinmu dole likitan Dutse ko na Kano ya karanta ta ba tare da ya san hannun wanda ya rubuta ba. Shi ya sa babu gyara a cikinta.

Malam ya so ya ja zaren har ƙarshe. Ya ce gajeren labari shi ne gwajin jini na adabi: ba a tsiyaye lita biyar, mililita biyu ake ɗiba a faɗi halin jiki duka, haka marubuci ke ɗibar dare ɗaya ya nuna rayuwar gida. Maganar ta yi daɗin ji, kuma akwai wurin da ta zauna daram. Lokacin ɗiba yana sauya sakamako. Sugan wanda bai karya ba in ya kai 7.0, wato 126, shi ne iyakar da ake duba ciwon suga da ita, amma lamba ɗaya bayan an cika ciki da fura ba ta nufin haka. Labari ma in ka ɗebe shi ranar ɗaurin aure daban, in ka ɗebe shi ranar da aka kawo lefen ta biyu daban. Alhaji ya ƙara da nasa: mai wayo ba ya duba bakin buhu, da ƙarfen nan mai rami yake soka ciki da gindi, don a sama ake jera mai kyau.

Sai dai ni a nan na tsaya, ban bi Malam ba. Takardar gwaji tana zuwa da ma'auninta a jiki, a gefen kowace lamba an buga iyakar lafiya, daga kaza zuwa kaza. Labari ba ya zuwa da wannan layin. Mai karatu ne ke kawo nasa daga gida. Matar da ta taɓa kwana tana jiran mota a ƙauye da mara lafiya a cinya za ta karanta "sai caji ya ƙare" da wani nauyi, ɗalibin da ya tashi kusa da babban asibiti ya karanta da wani. In ma'aikata biyu suka karanta bututu ɗaya suka sami amsa biyu, an yi kuskure, sai a sake. In mutum biyu suka karanta labari suka sami abu biyu, ba wanda za a tuhuma. Ta wannan fuskar labari ya fi kusa da rumfar Alhaji, inda ake cikawa gwargwadon wanda ya zo.

Abin da ya rufe mana musun, in ma ya rufu, wani ma'auni ne da ba mu taɓa ɗauka ma'auni ba. Malam yana auna labaransa da ƙa'idar gasar Hikayata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta: kalma 1000 zuwa 1500. Ya ce iyakar tana koya masa tsimi. Da ya gama labarin ashirin da biyar, waya ta ƙirga masa 1540. To mece ce kalma? Waya ba ta jin Hausa, gurbin da ke tsakanin rubutu kawai take ƙirgawa. "Ya ce" biyu ne, "yace" ɗaya. "Za ta" biyu, "zata" ɗaya, duk da "zata" wata kalma ce daban mai nufin tsammani. "A kan" da "akan" ma ba abu ɗaya suke nufi ba. Masana sun zauna kan wannan, a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 da tarurrukan da aka yi a gida tsakaninsu, suka fitar da ƙa'idar inda ake haɗawa da inda ake rabawa. Amma a WhatsApp kowa da kwanonsa. Labari ɗaya, marubuta biyu, sai a sami bambancin kalma hamsin ko fiye ba tare da an taɓa ko jimla guda ba.

Daren da ya zo mana da labarin, ya ce ya sauko da shi 1496. Likita ya karɓi wayar yana karantawa a hankali, yana gyaɗa kai, har ya kai inda yarinyar ta ce ya nuna ashirin da biyar. Ya ce nan ya yi daidai, kada a taɓa. Sai ya koma sama, ya ƙura ido, ya miƙa wa Alhaji.

"Alhaji, duba min nan. Duk 'ya ce' ɗin da ke ciki ya manne su."

Alhaji ba ya karanta boko sosai, amma da aka yi masa bayani sai ya tuntsire da dariya har shayi ya sarƙe shi. "Malam, kai da kake tuhumar tiyata? Ai wannan danna hatsi ne da hannu don buhu ya ɗinku."

Malam ya karɓi wayarsa, ya raba su ɗaya bayan ɗaya muna kallo, lamba ta koma 1540. Sai da ya cire sakin layin da ɗan'uwan ke tuna darasin da aka koya masa a makaranta, wanda dama shi ne Alhaji ya ce yana sa shi hamma. Baffa kuwa har yanzu da na'urarsa yake gwaji kowace safiya, amma ɗansa ya manna mata farar takarda a baya da salatif, ya rubuta da biro: a raba da 18.